Zanen da Kasham Ta Bari a Situdiyo

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da zane a kwalejin horar da malamai, akwai wata ranar jarrabawa da har gobe ba ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari guda daga aikin nan kafin a tashi, shi zan ba ku. Abin ya faru ne a daminar da ta gabaci ritayata, lokacin ina babban malami a sashen, ina cikin masu duba aikin kammalawa na ɗaliban hutu.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sashenmu ba. Ɗaliban hutu malaman firamare ne da ke kan aiki. Sukan zo mana idan an rufe makarantu, su yi 'yan makonni su koma. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan yi babban aiki guda da muke kira firojek, ko zanen fenti, ko sassaƙa, ko rini, ko ginin tukwane, kuma ana ba shi malamin da zai bi shi tun daga zaɓen jigo har ya sa hannu. In an gama sai a jera ayyukan a babban ɗakin situdiyo, a gayyato malami daga wata jami'a, wanda muke ce wa mai jarrabawa na waje. Ɗalibi zai tsaya gaban aikinsa ya faɗi abin da yake nufi da shi, a yi masa tambayoyi, sannan a ba shi maki. Ƙa'ida ce, ba a cin jarrabawar sai an yi wannan tsayuwar.

A cikin waɗanda aka ba ni a shekarar akwai Kasham, malamar firamare daga wajen Kwoi, matar aure mai 'ya'ya biyu. Ba ta wuce talatin da 'yan kai ba. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya sai an jiyo ta daga baranda. Mijinta Ishaya ne ke kawo ta da safe a kan mashin, riƙe da kular abinci cike da gwate, faten wajenmu, kuma ban taɓa ganin ta ci gwaten nan ita kaɗai ba. Hannunta yana da kyau tun asali. Abin da na ƙara mata kaɗan ne.

Da aka zo zaɓen jigo, 'yan ajinsu suka ɗauki abubuwan da aka saba, wannan kasuwar citta, wancan rawar gargajiya, wani kuma tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Kasham ta ce ita wankan rafi take so ta zana. Na ɗauka baftisma take nufi, sai ta ce a'a. Ta yi mini bayani cewa a ƙauyensu, washegarin ranar da aka binne mutum, dangi gaba ɗaya sukan gangara rafi da sassafe. Mazan da suka haƙa kabari su wanke garma da shebur. Mata su wanke tabarmar da mamacin ya kwanta a kai da tufarsa guda ɗaya. Kowa ya wanke fuska da ƙafa, sannan babbar mace a gidan ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta zuba wa kowa a hannu. Sai an dawo daga nan ake hura wuta a ɗora tukunya. Ta ce da kakanninsu suka karɓi bishara ba su bar abin ba, ƙara masa waƙa da addu'a suka yi. Ganinta na ƙarshe da shi tun rasuwar babanta ne, tana yarinya. Bayan tashin hankalin da ya taɓa wajensu, mutanen ƙauyen sun watse, uwarta da 'yan'uwanta suka koma Kafanchan, kuma yanzu in an yi rashi a maƙabartar gari ake binnewa.

Na gaya mata damuwata. Zanen mutuwa yana da wuya, domin ɗalibai sukan cika shi da hawaye da buɗaɗɗen baki har ya koma kamar hoton kalanda. Ta yi murmushi ta ce, "Sir, babu mai kuka a ciki. An gama kukan tun jiya." Na sa mata hannu a kan jigon a ranar.

Ba ta iya zuwa rafin ba, don haka daga cikin kanta ta zana shi. Ruwan kaɗai ya ɗauke ta lokaci mai tsawo. Na ba ta shawarar ta sa shuɗi kaɗan don ya fito, ta ce rafinsu bai taɓa zama shuɗi ba. Da damina kalar shayi mai ɗan madara gare shi, sai inda ya bi ta gefen dutse ne yake yin kore. Ta yi ta haɗa fenti tana gogewa har ta samu abin da take nema. Wata rana kuma ta tambaye ni yadda ake zana hasken safiya kafin rana ta fito, lokacin da ana ganin komai amma babu abin da ke da inuwa. Muka yi rabin yini a kan wannan tambayar, kuma ina jin ni ma na ƙaru.

A hutun ƙarshe na lura ta rame. Ta daina zane a tsaye, sai ta jawo kujera. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin mijinta take sawa. Da na tambaye ta, ta ce taifot ne da maleriya, abin da kowa ke cewa a wajenmu. Na ce ta huta, ƙa'ida ta yarda a ɗage mata zuwa baɗi, ni da kaina zan rubuta mata takardar. Ta gode mini, ta ce in bari ta gama wannan tukuna. Ban matsa mata ba. A wannan lokacin ne ta shiga fuskokin mutanen, kuma na ga sun yi kama da mutane na gaske ƙwarai. Ta ce 'yan gidansu ne, don su ne fuskokin da ta fi sani.

Ta gama a wata Juma'a. Ta sa hannu a ƙasan zanen, ta wanke buroshinta, ta yi mana sallama har da masinjan sashe. Mako na gaba muka ji tana asibiti, sai a lokacin muka san ciwon ƙoda ne, kuma ya daɗe. Ta rasu saura 'yan kwanaki a yi jarrabawa. Na je jana'izar tare da 'yan ajinsu. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, zumuntar mata sun yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Bayan an dawo daga maƙabarta na ga samarin da suka yi haƙa suna wanke shebur a famfon burtsatse da ke bayan majami'a, suna sauri don hadari ya taso.

Shugaban sashenmu a lokacin Mista Didam ne, mutum mai bin ƙa'ida kuma mai tausayi, abubuwan biyu suna yawan ja-in-ja a cikinsa. Ya kira ni ofis ya ce ba shi da yadda zai yi. Wanda bai tsaya gaban aikinsa ba, abin da ake rubuta masa shi ne bai kammala ba. Na roƙe shi abu ɗaya, a rataye zanen tare da na sauran, a bar wa mai jarrabawa ya yanke. Daga ƙarshe ya yarda. A makon ne Ishaya ya zo ɗaukar kayanta da suka rage a situdiyo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mashin a hannu, ya ce, "Baba, ba don aiki ba ne, aiki ya wuce. Yaran nan ne. Ina so wata rana in nuna musu cewa mamansu ta gama." Na ce ya zo ranar jarrabawar, ya zo da duk wanda yake so.

Mai jarrabawa na waje a shekarar Dokta Sani ne. Haifaffen Kafanchan ne, mahaifinsa ya yi fataucin citta a kasuwa, kuma ko da yake ya daɗe yana koyarwa a jami'a, ya san ƙauyukan wajenmu ɗaya bayan ɗaya. An yi ruwa da safe, situdiyo yana ƙamshin fenti da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya bi ɗalibai bisa jeri, yana tambaya a hankali yana rubutu. Da aka iso kan zanen Kasham, magatakarda ya kira sunanta bisa al'ada. Mista Didam ya matso ya yi masa bayani a kunne. Dokta ya rufe fayil ɗinsa, ya yi addu'a Allah ya ba iyalinta haƙuri, sannan ya ce a kawo masa kujera. Ya zauna gaban zanen ya daɗe yana kallonsa.

Bari in faɗa muku abin da ke cikinsa. Rabin ƙasa na zanen duk ruwa ne. A bakin ruwan, maza uku sun sunkuya suna wanke garma, jar ƙasa tana fita daga ƙarfen tana bin ruwa. Mata biyu sun riƙe tabarma. Wata tsohuwa a tsakiya tana ɗauke da ƙwarya, ƙafafunta cikin ruwa. Wani mutum a gefe ya durƙusa, ya sa hannu a kan wani zani na ɗaurawa, ruwan ɗorawa, da ya nutse, gefen zanin kaɗai ake gani. Yara biyu suna tsaye a kan dutse. Bayansu duka, wata siririyar hanya ta hau tudu tsakanin itatuwan ɗorawa, can sama kuma ana hango jinkunan gidaje, babu hayaƙi ko ɗaya.

Dokta ya ce tunda ni ne na duba aikin, in faɗi abin da ta gaya mini da abin da nake gani. Na tsaya inda ya kamata ta tsaya. Na bayyana al'adar kamar yadda ta ba ni. Na ce a fahimtata jana'izar babanta ta tuna, kuma zanen ba kan mutuwa kawai yake magana ba, yana magana ne kan yadda ake mai da masu rai ga rayuwa. Garmar da ta haƙa kabari jiya ita ce za ta yi kunyar citta gobe, shi ya sa ake wanke ta. Gidajen babu hayaƙi domin ba a ɗora tukunya ba tukuna. Dokta ya gyaɗa kai. Ya ce abin ya taɓa shi, domin su a addininsu mamaci ake yi wa wanka a sallame shi, nan kuwa waɗanda aka bari ne ke wanka, kuma ya ga kowanne da hikimarsa. Ya ce ya tuna lokacin da yake yaro, suna bin mahaifinsa sayen citta, sun taɓa tsayawa a gefen hanya har irin wannan ayarin ya wuce, babansa ya hana su magana.

Sai ya tashi ya ja da baya, ya sake duban zanen daga nesa. Ya ce, "Malam, ina da tambaya ɗaya. Mai zanen, a ina take tsaye?"

Ban gane ba da farko. Ya nuna mini da biro. Hanyar gida tana bayan mutanen. Yarinyar da ta gangaro tare da danginta, in ita ce ke tuna abin, bayansu za ta gani, ko gefensu. Mu kuwa fuskokinsu muke gani, kuma rafin gaba ɗaya yana tsakaninmu da su. Duk wanda ya tsaya gaban zanen nan, a ɗaya ƙetaren yake tsaye. Na yi makonni ina kallon kanbas ɗin nan, ƙyallen da ta yi zanen a kai, na yaba yadda ta shimfiɗa ruwan a gaba, amma a matsayin dabarar tsari kawai na ɗauke shi.

Ana cikin haka sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Mama Ladi ce, mahaifiyar Kasham. Ishaya ya zo da ita, sun zauna a bencin baya tun safe ba su yi motsi ba. Magatakarda ya so ya tsayar da ita, Dokta ya ɗaga masa hannu. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin, domin idonta ya yi rauni. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, mace da namiji duk ɗaya.

Ta sa yatsa kusa da tsohuwar mai ƙwarya ta ce, "Wannan ni ne. Amma lokacin babansu ban tsufa haka ba." Ta bi mazan uku ta kira sunayensu, 'ya'yanta biyu da ƙanin mijinta. Ta zo kan wanda ya durƙusa ta tsaya. "Wannan Ishaya ne. Lokacin babansu ba mu san Ishaya ba." Ta dubi yaran da ke kan dutse, jikokinta, ba ta kira sunansu ba. Daga nan ta sake bin fuskokin tun daga farko, a hankali, kamar mai ƙirga awaki da yamma, kuma duk mun san wa take nema. Ba ta same ta ba. Sai idonta ya sauka kan zanin nan ruwan ɗorawa da ke cikin ruwa.

"Zanin aurensa ne," in ji ta. "Ni na saya masa. Yana cikin akwati na yanzu." Ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Malam, yarinya na ya sani."

Ishaya ya tashi ya fita. Ta taga na hango shi ya dafa mashin ɗinsa ya sunkuyar da kai. 'Yan ajinsu mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa. Ni kuwa abin da ya dawo mini shi ne safiyar nan da muka yi ta gardama kan haske marar inuwa, tana dariya, kumburarrun ƙafafunta a kan bulo, ashe duk lokacin nan tana tsara yadda take so a sallame ta ne, a rafin da ta san ba za a kai ta ba.

Dokta Sani ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya juya wajen Mista Didam ya yi magana da muryar aiki. Ya ce dalilin da ya sa ake tsayar da ɗalibi gaban aikinsa shi ne a tabbatar ya san abin da ya yi, kuma aikin nasa ne. Ya ce duka biyun sun tabbata a gabansa, da shaidu. Zai ba da maki, zai kuma rubuta a rahotonsa cewa yana ba hukumar karatu shawara ta ba marigayiyar shaidar kammalawa. Mista Didam ya ciro bironsa ya sa hannu a ƙasan na Dokta. Maganar ta bi matakanta, daga sashe zuwa tsangaya zuwa hukuma, ta ɗauki watanni, amma ta fito. Ishaya ne ya karɓa.

A ƙa'ida, ayyukan da suka fi fice sashe ne ke riƙe su. Mun yi shawara a ranar cewa wannan a ba iyalinta. Mama Ladi ta ƙi. Ta ce ɗakin da take ciki a Kafanchan yana yoyo, kuma ba shi da bangon da zai ɗauki abu haka. A bar shi inda mutane za su gani. Abin da ta roƙa daban ne. Ta ce tana so a kai ta rafin.

Sai bayan an fara haƙar citta abin ya yiwu, lokacin da mutanen ƙauyen ke haɗuwa su tafi gonakinsu a ƙungiya da rana su dawo kafin yamma. Ishaya ya aiko mini, na bi su. Muka tafi a kan mashina, daga inda hanya ta ƙare muka taka. Mun ratsa ta cikin ƙauyen. Jinkunan da ta zana yawancinsu sun rufta, ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gidaje, amma itatuwan ɗorawa suna nan, dutsen ma yana nan. Mama Ladi ta tsaya a wani kango ta daɗe, ta nuna wa jikokinta inda murhunta yake a da, sannan muka gangara.

Ruwan ya ja baya, bai kai faɗin wanda ke cikin zanen ba. Ba a zo da garma ba, tunda an riga an wanke su. Ishaya ya durƙusa ya jiƙa zanin auren da Mama Ladi ta zo da shi, ya cuɗa shi a hankali ba sabulu. Wani dattijon ikilisiya ya yi addu'a da yarensu, matan suka ɗauki waƙa ba su ɗaga murya ba. Mama Ladi ta shiga ruwan da ƙwaryarta, ta zuba wa kowa a hannu. Da ta zo kaina na ja baya, na ce ni baƙo ne. Ta kama hannuna ta zuba, ta ce ai ni ma na yi rashi. Ruwan yana da sanyi ƙwarai. Kafin mu hau tudu ta tsaya ta dubi ƙetaren, inda babu komai sai gora da ciyawa, ta yi magana gajeriya da yarensu. Na tambayi Ishaya daga baya, ya ce cewa ta yi, mun zo, mun yi, ki huta.

To, ku da kuke kan aikin yanzu, ga abin da na ɗauka daga wannan. Muna koyar da haɗa launi da auna nisa da daidaita tsari, kuma dole ne mu koyar, don da su Kasham ta iya faɗin abin da ta faɗa. Amma mutanen da ke shigowa situdiyon nan suna ɗauke da abubuwan da bakinsu ba zai iya furtawa ba, na ƙauyen da suka bari, na waɗanda suka rasa, wani lokaci na abin da ke cikin jikinsu. A kanbas suke ajiye shi. In ɗalibi ya kawo aiki, kada ku yi saurin buɗe takardar maki. Ku jawo kujera ku zauna. Kuma kada ku ɗauka mutum ɗaya zai ga zane duka, don a ranar nan sai da ni da Dokta da tsohuwar muka haɗu kafin ya buɗe mana.

Na saurari ɗalibai masu yawa suna kare ayyukansu, wasu da rawar murya, wasu da haddar da suka kwana suna yi, kuma yawancinsu na manta abin da suka ce. Wadda har yau nake marmarin ji ita ce wadda ban ji ba. Da ma a ce ta samu ta tsaya gaban zanen nan ko na ɗan lokaci, ta gyara ɗankwalinta kamar yadda ta saba, ta ce, "Sir, in fara?"